Wanda Ba A Ƙirga Ba Ba Ya Cikin Rabo: Kuɗi, Bincike da Halin da Fasahar Hausa Ke Ciki

A watan Fabrairun 2018, a bikin fina-finai na Balin, babban birnin Jamus, an haska wani fim na Hausa da mutane da yawa suka riga suka fidda rai da sake ganinsa. Shaihu Umar ne, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara da shekaru ana jin labarinsa a bakin dattawa, ana ambatonsa a takardun ɗalibai, amma babu inda za ka je ka zauna ka kalla. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Balin ce ta wanke shi, ta gyara, ta mayar da shi yadda na'urar zamani za ta iya karantawa, da tallafin gwamnatin Jamus.

Duk mai son adabin Hausa ya yi murna. Ni ma na yi. Amma murnar tana da ɗaci a ƙarƙashinta, domin littafin na firaministan Najeriya na farko ne, fim ɗin gwamnatinmu ce ta kashe masa kuɗi, a ɗakin ajiyarmu ya yi ta kwana, sannan sai da kuɗi da gwaninta suka taso daga wata nahiya kafin ya sake ganin haske. Wannan labari ɗaya ya ɗauke kusan duk abin da ke damun harkar fasaha a ƙasar Hausa yau: waye ke biya, me yake so a ba shi kafin ya biya, kuma waye ke riƙe da sanin abin da muke da shi.

Daga ubangida zuwa banki

Bahaushe bai taɓa barin mai fasaha ya yi aikin banza ba. Makaɗin fada yana da ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya zaga fadoji, Shata kuwa ya buɗe ƙofa ga attajirai da direbobi da duk wanda hannunsa ya iya kyauta. Ana ba da doki, ana ba da riga, ana ba da gona, daga baya aka koma mota da kujerar Makka. Makaɗan sana'a suna da rabonsu a wurin mahauta da manoma da maƙera. A gidan biki ana liƙi. Tsarin yana da aibinsa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma bakin mawaƙi ba ya cika faɗin laifin mai ciyar da shi. Sai dai babu wanda ya taɓa ce wa makaɗi ya dawo da dokin bayan shekara uku tare da ɗan abin da ya hau kai.

Rubutun boko ma da kyauta ya tashi. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Hukuma ce ta nemi marubuta, ta buga, ta kai makarantu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, hukumar adabi ta NORLA ta yi zamaninta a shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya ɗauka daga 1966. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Idan mutum ya lura, duk wani tsalle da ƙagaggen labarin Hausa ya yi a waɗannan shekaru hamsin, akwai wata hukuma a bayansa da ta sa kuɗi ba don ta ci riba gobe ba.

Da tattalin arzikin ƙasa ya karye a tsakiyar shekarun 1980, wannan hannu ya janye. Takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka koma littattafan makaranta kaɗai. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan gaba ɗaya: marubuta suka ɗauki nauyin kansu. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan matasa, mata da yawa a cikinsu, suka riƙa tara kuɗi, su kai maɗaba'a a Kano, su kai wa masu shagon littafi, su jira ciniki. Malaman jami'a suka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, wasu da nufin raini. Daga cikin wannan kasuwa da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo fim ɗin bidiyo ya fito, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa Sangaya da ya sauya fasalin harkar a ƙarshen shekarun 1990. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ne bankin masana'antar. Su ke sayen fim, su buga kaset, su raba shi har Yamai da Agadas da Kumasi.

Gwamnati kuwa takarda ta yi. An ƙaddamar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988, aka yi dokar kafa asusun tallafa wa fasaha a 1991. Sama da shekara talatin ke nan masu fasaha suna tambayar ina asusun yake.

Lokacin da aka gano akwai kuɗi a ciki

Abin da ya juyo da hankalin hukuma ƙididdiga ce. A 2009 wani rahoton UNESCO ya sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen yawan fina-finan da ake fitarwa, bayan Indiya. A 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin girman tattalin arziki, ta shigar da fim da kiɗa a karon farko a matsayin sashe mai zaman kansa, aka ga sun kai wajen kashi 1.4 cikin ɗari. A 2021 UNESCO ta sake fitar da rahoto a kan fim a Afirka, inda ta ƙiyasta cewa harkar tana samar da dala biliyan 5, kuma in an gyara za ta iya kai biliyan 20 da ayyuka miliyan 20. Waɗannan lambobi su ake ta maimaitawa a kowane taro. Da su aka sauya wa abin suna. Da ana cewa al'adu da gargajiya, yanzu ana cewa tattalin arzikin ƙirƙira, har Shugaba Tinubu ya kafa masa ma'aikata a 2023 ya naɗa Hannatu Musawa minista.

Sauya suna ya zo da sauya irin kuɗin. A 2010 Shugaba Jonathan ya sanar da dala miliyan 200 don masana'antar nishaɗi, amma rance ne ta hannun Bankin Masana'antu da bankin NEXIM. A 2019 Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka fito da shirin CIFI don fim da kiɗa da ɗinki da fasahar kwamfuta, rance ne shi ma, da kuɗin ruwa da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. A 2023 aka ƙaddamar da iDICE, mai sama da dala miliyan 600, da kuɗin Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Bankin Afreximbank ya fara da dala miliyan 500 a 2020 don masu ƙirƙira na nahiyar, ya ninka zuwa biliyan 1 a 2022, ya sake ninkawa a 2024. A cikin jerin nan, Project ACT Nollywood na 2013, mai naira biliyan 3, shi ne babban shirin da aka yi a kan tallafi maimakon bashi, kuma bai daɗe ba.

Idan aka tara waɗannan kuɗi a takarda, sai mutum ya ɗauka masu fasaha sun warke. Amma a zauna da furodusa a Zoo Road da ke Kano a karanta masa sharuɗɗan. Ana son kamfani mai rajista, da bayanan asusun banki na shekaru, da tsarin kasuwanci a rubuce da Turanci, da hujjar inda za a sayar da fim ɗin da abin da zai kawo, sannan uwa uba jingina. Shi kuwa jarinsa kyamara ce da ake haya, da sunan jarumin da ya yi masa alkawari, da amanar da ke tsakaninsa da mai ba shi bashin masauki da abincin 'yan aiki. Cinikinsa na shekara goma yana cikin kansa ko a wani littafin rubutu. Babu bankin da zai karɓi wannan. Shi ya sa waɗanda suka fi cin gajiyar rancen farko su ne masu gina gidajen sinima da manyan kamfanonin Legas, domin gini abu ne da banki ke iya gani ya riƙe.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a tarukan Abuja ba, alhali a Kano ita ce ta farko: kuɗin ruwa. Mutane da yawa a harkar ba za su taɓa rancen da ke da ruwa ba ko da kashi ɗaya ne, saboda addini. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu bankunan marasa ruwa sun biyo baya, kuma fiƙihu yana da hanyoyin haɗa jari da raba riba da asara waɗanda suka fi dacewa da fim fiye da rance, tunda fim ciniki ne da kan ci kan faɗi. A ganina duk shirin da aka tsara don ƙasa baki ɗaya, aka bar wannan ƙofa a matsayin abin da za a duba daga baya, an riga an cire rabin Arewa tun kafin a buɗe rajista.

Ba kuma duka laifin na waje ba ne. A 2016 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don gina alƙaryar fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da jama'a da dama suka tashi suka ce ba su yarda ba, aka janye aikin. Ana iya saɓani a kan wanda ya yi daidai. Abin da na riƙe daga wannan rigima shi ne an yi ta ne babu wata takarda a tsakani. Masu goyon baya ba su da alƙaluman da za su ce ga yawan mutanen da ke ci daga fim, ga masu ɗinki, ga masu haɗa sauti, ga direbobi, ga masu dafa abinci. Masu adawa su ma ba su kawo wani nazari a kan illar da suke tsoro ba. Kowa ya yi magana da abin da zuciyarsa ta ba shi, kuɗin ya koma inda ya fito.

Bincike akwai, amma wane iri?

Kada a fahimce ni da cewa ba a yi nazarin fasahar Hausa ba. An yi, kuma an yi mai kyau. Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta tara waƙoƙi da tatsuniyoyi tun shekarun 1970. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙar baka, da Shata a tsakiyar aikin. Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gari-gari ya rubuta tarihinsu da diwanin waƙoƙinsu. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, kuma mujallar Fim da ya kafa a 1999 ta zama ma'ajiyar tarihin masana'antar ba tare da kowa ya ɗauki nauyinta don haka ba. Abdalla Uba Adamu ya ja hankalin jami'a zuwa ga fim da littattafan soyayya a lokacin da ake ganin ba su kai a nazarce su ba, kuma taron da aka yi a Kano a 2003 a kan fina-finan Hausa ya zama littafi a shekarar da ta biyo. Daga waje akwai Graham Furniss na Landan, da Brian Larkin, da Carmen McCain. A Yamai akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da ke tattara adabin baka.

Sai dai mafi yawan wannan aiki nazarin ma'ana ne: jigo, salo, tarihi, tasirin fina-finan Indiya, matsayin mata. Kowace shekara ɗalibai a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna rubuta kundaye a kan jigon wannan fim ko salon wancan mawaƙi, a ɗaure su da baƙin bango, a jera a kanta. Wannan ilimi ne, ba na raina shi. Amma mai riƙe da jakar kuɗi a yau ba shi yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce mutum nawa ke aiki, nawa ake kashewa a kan fim ɗaya, nawa yake dawowa, su waye masu kallo, a ina suke, da me suke kallo. Waɗannan tambayoyi sun faɗa a rami tsakanin sashen Hausa da sashen tattalin arziki. Na farko yana ganin ba aikinsa ba ne, na biyu yana ganin abin bai kai ya ɓata lokacinsa ba.

Ko lambobin da ake taƙama da su na ƙasa baki ɗaya, ba sa rarrabe Kano da Legas. Alƙaluman da ake fitarwa kowane mako na cinikin fim daga gidajen sinima suke fitowa, gidajen sinima kuwa mafi yawansu a Legas da Abuja da biranen Kudu suke. Mai kallon fim ɗin Hausa yana kallo ne a waya, sau da yawa bayan ya biya 'yan kuɗi kaɗan a shagon masu turawa an zuba masa. Miliyoyin mutane ne, daga Zinder zuwa Garwa, daga zangon Accra zuwa unguwannin Hausawa a Sudan da Saudiyya, amma a idon mai lissafi babu su, domin ba su bar rasit ba.

Wani zai ce ai YouTube ta warware wannan, tunda ga adadin masu kallo a fili. Gaskiya ne ta taimaka. Bayan kasuwar faifai ta mutu, fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina su suka tayar da masana'antar daga kwance. Amma YouTube tana biya ne gwargwadon darajar talla a ƙasar da mai kallo yake, kuma talla a Najeriya da Nijar ba ta da tsada. Kallo miliyan ɗaya daga Kano ba ya kawo abin da kallo miliyan ɗaya daga Amurka ke kawowa, ko kusa. Sannan cikakken bayanin masu kallon yana hannun kamfanin da mai tashar, ba ya taruwa wuri ɗaya da za a ce ga hoton masana'antar. Ga kuma abin da tsarin ke yi wa labarin kansa: tunda kuɗi na bin tsawon lokacin kallo, sai a ja labarin da zai ƙare a kashi goma ya kai kashi ɗari.

A jami'o'i, babbar rijiyar kuɗin bincike ita ce TETFund, wadda ke samun kuɗinta daga harajin da kamfanoni ke biya. Asusunta na bincike na ƙasa yana da rukuni na fannonin ɗan'adam da zamantakewa, don haka ƙofa a buɗe take. Amma salon neman kuɗin, da tsarin rubuta buƙata, da irin sakamakon da ake so a nuna, duk an gina su a kan ƙirar kimiyya. Ga kuma ƙa'idar ƙarin girma da ke fifita maƙala a mujallar waje da Turanci a kan shekara biyu da malami zai yi yana bin tsofaffin makaɗa da rakoda. Malamin da ke da iyali ya san wanda zai zaɓa.

Kuɗin baƙo da igiyarsa

Inda gwamnati da banki suka bari, ƙungiyoyin waje ne suka shiga. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa ta, ta hannun ƙungiyar Equal Access, da nufin yaƙar tsattsauran ra'ayi, kafin ta koma kamfani mai neman kuɗin kansa. Shirinta na Daɗin Kowa ya nuna abin da ke faruwa idan aka biya marubuta suka zauna ɗaki ɗaya, aka tambayi masu kallo ra'ayinsu, aka ba aiki lokacinsa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da marubuta mata da ba a san da su ba, ta yi abin da gasar 1933 ta yi a zamaninta. Shirin Ɗakin Karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyi, ya ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami da na Larabci a Arewa. Digiri na biyu a kan adana fina-finai da aka buɗe a Jos, da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt, shi ma da kuɗin Jamus ya tashi.

Alheri ne, kuma wanda ya ƙi gode wa alheri butulu ne. Amma kuɗin baƙo yana zuwa da abin da baƙon ya damu da shi. Shekarun da ake maganar ƙanjamau, wasannin rediyo suka cika da ƙanjamau. Da aka koma zaman lafiya, kowa ya koma zaman lafiya. Marubucin da ke son ya rubuta labarin wani maƙeri da ɗansa, ba don ya koyar da komai ba sai don labarin ya dame shi, ba shi da fom ɗin da zai cike. Kuma kuɗin baƙo yana tafiya ranar da siyasar gidansu ta juya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris, Birtaniya ta sanar da rage kuɗin agajinta. Duk wanda ya jingina da wannan bango ya ji motsinsa.

Manyan kyaututtukan cikin gida kuma harshe ya raba mu da su. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG dala 100,000 ce, kuma Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016, abin alfahari ga Arewa. Amma da Turanci ake shiga. Marubuciyar da dubban mata ke karanta littafinta a waya, suna biyan kuɗi ta asusun banki kafin a sa su a zauren WhatsApp, ba ta da wata kyauta mai wannan nauyi da za ta sa wa ido. Bukukuwan littafi irin KABAFEST na Kaduna da aka fara a 2017, da bikin littafi da fasahar Hausa da Sada Malumfashi ya assasa, suna ƙoƙari, sai dai kowace shekara sai an sake neman mai ɗaukar nauyi daga farko.

Ubangida na gargajiya bai mutu ba, ya sauya riga ne. Yau ɗan siyasa ne. Mawaƙin da ya fi kowa samu a ƙasar Hausa shi ne mawaƙin jam'iyya, kuma lokacin zaɓe shi ne kakar masu situdiyo. Ba na zargin wanda ya bi wannan hanya, domin ciki ba ya jiran manufa. Amma idan ya zama ita ce kaɗai hanyar da waƙa ke ciyar da mai ita, to za mu wayi gari da tarin waƙoƙin da ke mutuwa ranar da aka rantsar da wanda ya ci.

Abin da ba zai iya biyan bashi ba

Akwai alamun motsi. An naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, mutumin da ya san harkar daga ciki. A shekarar ce aka zaɓi Mai Martaba, fim na Hausa, ya wakilci Najeriya a neman shiga gasar Oscar, kuma a Disambarta UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Tarayyar Afirka ta nemi ƙasashe su riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kasafinsu don fasaha da al'adu kafin 2030.

Damuwata ita ce duk sabon tsarin ya karkata ga abin da zai iya dawo da kuɗi. Fim mai jarumai zai iya, in an gyara hanyar sayarwa. Ɗinki zai iya. Amma akwai sashe babba na fasaha da ba zai taɓa biyan bashi ba, kuma shi ne tushen sauran. Mai kukuma da ya rage shi kaɗai a garinsu ba zai kawo tsarin kasuwanci ba. Haka mai busa algaita, da matar da ta haddace waƙoƙin niƙa da na daɓe, da maginin da ya iya zanen bangon soro, da marinin Ƙofar Mata da 'ya'yansa suka koma acaɓa. Ɗakin adana kaset ba ya kawo riba. Ƙamus ba ya kawo riba. Waɗannan sai tallafi na kyauta, mai ɗorewa, wanda ake bayarwa bisa cancanta ba bisa sanayya ba, kuma irin wannan kuɗi ne ya fi ƙaranci a duk sanarwar da ake yi. Bankunan Najeriya sun kashe biliyoyin naira sun gyara Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Wole Soyinka. Aiki ne mai kyau. Ɗan kaso kaɗan na irin wannan kuɗi zai isa a juye duk wata tsohuwar waƙa da ke ma'ajiyar gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato.

Wani ɓangaren aikin kuma ba ya buƙatar jiran Abuja. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin marubuta suna da rajistar mambobi. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, duk fim ɗin da ya bi ƙa'ida ta gabanta ya wuce, da sunan kamfani da shekara. Wannan taska ce ta bayanai da aka tara don sa ido, amma za ta iya zama tushen ƙidayar masana'antar idan aka haɗa ta da sashen tattalin arziki na wata jami'a da ɗalibai ashirin masu littafin tambayoyi. Attajiran Arewa da ke gina masallatai da asibitoci, Allah Ya saka musu, sun san ma'anar waƙafi. Babu abin da ya hana a yi waƙafin da zai riƙe ɗakin adana rubuce-rubucen malamai da muryoyin mawaƙa, ko ya ɗauki nauyin gasar rubutu da Hausa duk shekara ba tare da an je roƙo ba.

Lokaci kuma ba ya jira, kuma wannan ba salon magana ba ne. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin da ke karanta kaset suna ƙarewa, an daina ƙera su, kayan gyaransu suna ɓacewa, suka ce wajen 2025 abin zai yi wuya ƙwarai. Kaset ɗin kansa yana lalacewa, zafi da ƙura da damina suna cinye shi. Shaihu Umar ya tsira ne domin a kan faifan sinima aka ɗauke shi, kuma yana da sunan Tafawa Ɓalewa da zai sa baƙo ya waiwaya. Fina-finan Kano na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo suke, ɗaruruwansu, wasu a kwali a ƙarƙashin gadon furodusan da ya bar harkar, wasu a shagon da aka mayar wurin sayar da waya. Fim ɗin Turmin Danya ya haura shekara 35. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi waɗannan fina-finai suna raye, suna Kano, sun san wanda ya riƙe kyamara da wanda ya ba da kuɗin, kuma za su faɗa idan wani ya je da rakoda ya zauna ya tambaye su.